Tuwon Baba a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba ni makirufo in riƙe ba. An zaɓe ni ne don a duk 'yan aji uku na ƙaramar sakandarenmu babu wadda ta kai ni shiru. Shugabar makaranta cewa ta yi, "Wannan ko wuta ce ta kama hijabinta ba za ta yi magana ba." (Ta yi min kyakkyawan zato, Allah ya saka mata.)

Bari in fara da gidanmu a Ruwan Bago. Tun da damina ɓarin jikin Inna ya shanye. Goggo ta zo daga Fulatan ta yi jinya, mijinta ya aiko ta koma. Ni ce babba, ni kaɗai ce mace, kowa ya san abin da ya rage: in ajiye jakar makaranta in ɗauki tukunya. Kawai dawowa na yi wata rana na tarar Baba ya sa sakata a ƙofar zaure, ya naɗe hannun riga yana talge, Inna daga kan tabarma tana gaya masa da rabin baki yawan garin da zai zuba. Bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. Washegari na tafi makaranta.

A unguwarmu maza ciyayya suke yi bayan magariba. Kowane magidanci a kai masa kwanonsa ƙofar gidan Kawu Tanko, a ci tare. Ni nake kai na Baba. Kawu Tanko kan buɗe ya ce, "Kai, 'yar nan ta gaji hannun uwarta!" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce na gode. (Ni da tuwona gudaji ya fi tuwon yawa.)

To sai ga baƙi daga Kano da farar mota, wai taro ne a kan yadda maza za su taimaka 'ya'ya mata su zauna a makaranta. Aka gayyaci iyaye maza, aka jera su a benci a gindin darbejiya. Ina hango Baba a layi na biyu, ya ja hannun riga ya rufe ƙunar talgen da ke wuyan hannunsa. Aikina in tsaya kusa da tebur, duk wanda zai yi magana in miƙa masa makirufo.

Hajiyar da ke jagorantar taron ta ce, "A cikinku wa ya taɓa hura wuta a gidansa don 'yarsa ta samu zuwa aji?" Wani ya yi tari, wani ya gyara hula. Ladidi ƙawata, da ke riƙe da tiren ruwa a gefena, ta raɗa min, "Wace wuta? Waɗannan ko buta sai an miƙo musu." Abin ya sosa min rai. Na karkata na ce a hankali, "Ban da Babana. Tun da Inna ta kwanta shi ke tuƙa mana tuwo, har miya."

Muryata na ji ta fito daga saman bishiya, inda aka rataye lasifika. Makirufon a kunne yake, yana dab da haɓata. Ni da ko "nan" ba a ji idan ana kiran suna, ranar har masu awara a bakin titi sun ji ni.

Hajiya ta yi tsalle don murna. "Ina mahaifin yarinyar nan? Miƙe, Malam! A tafa masa!" Baba ya miƙe a hankali kamar mai ciwon baya. Baƙi suka tafa, aka sa masa riga mai rubutu a kan tasa, aka ɗauki hoto. Benci kuwa ba tafi, sai kafaɗu ke rawa. Can Kawu Tanko ya ce, yadda kowa zai ji, "Ashe duk watannin nan tuwon Malam Muciya muke ci!"

Da magariba na kai kwano. Aka dawo da shi ko murfin ba a ɗaga ba. Yara suna bin Baba da sabon suna har bakin masallaci. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Washegari dai bai doshi murhu ba, ni kuma ban nemi takalmin makaranta ba. Jarrabawa tana matsowa, ina gida ina tuƙa gudaji, Baba yana haɗiye shi a zaure shi kaɗai, Inna tana juya fuska bango in na shigo.

Wata safiya ina wanke-wanke ya tsaya a kaina. "Ke, tashi ki sa kayanki."

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ban san—"

"Na ji. Ko na tuƙa ko ban tuƙa ba, sunan ya riga ya zauna. Gara in ci sunan da tuwo mai kyau." Ya karɓi soson daga hannuna.

Na koma, na rubuta jarrabawa. Baba bai sake zama wajen ciyayya ba har yau, mutumin da tun kafin a haife ni yake cin abinci a ƙofar gidan nan.

Abin da na koya shi ne, masu tafi mota ke mayar da su Kano, wanda aka tafa wa shi ke kwana a gari. In za ki yabi namiji a kan aikin murhu, fara tambayarsa tukun. In kuma dole sai kin yi raɗa, duba abin da ke hannunki.