Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Mai Tace Fim

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa lamari ga Mai kowa, mai tace finafinan gaskiya na ɗakin saman shagon tela yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda abokan aiki ke kira Gwaggo.

Marigayiya ta zo hannunsa tun yana yanka wa mutane bidiyon biki, ta raka shi har ya fara shirya nasa finafinan. Ta ga masunta, ta ga ungozomomi, ta ga gawar da bai bari kowa ya gani ba, kuma ba ta taɓa kai zance waje ba. Idan aiki ya yi nauyi, iyakarta ta ce "fuuu" ta fankarta, ta ci gaba.

Ciwon ajali ya fara da zafin jiki da yawan suma. A cikinta akwai fim ɗin da bai gama ba, na mahaƙan ma'adinai da ya yi hira da su kafin rami ya rufta musu. Ƙanwarta, ma'ajiyar da ke riƙe da kwafin, ta riga ta tafiya da damina, ranar da rufin ya yi yoyo.

Ranar rasuwar, matar ɗaya daga cikin mahaƙan ta hawo benen da goyo, ta roƙa a kunna mata muryar mijinta. Mai tace fim ya ba ta kujera, ya danna maɓalli. Gwaggo ta ce "ƙit, ƙit", allo ya yi baƙi. Aka kira mai gyara, ya buɗe ta, ya shinshina, ya girgiza kai.

Matar ta gyara goyonta ta ce, "Ba komai, Malam. Dama dariyarsa ce na fara mantawa."

Marigayiya ta bar linzamin kwamfuta guda, lasifika biyu, ɗaya kurma, da maigida wanda har yau bai iya zama a kujerar da matar ta zauna ba.

Za a ɗauki gawa bayan azahar zuwa rumfar mai gyara, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin aiki. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai, sai dai duk wanda ke da muryar wani daga cikin mahaƙan a wayarsa, ko da sallama ce kawai, don Allah ya taho da ita.