Marigayi Allo Ya Tafi da Fuskar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu biyu da suka rasa abin taɓawa, Mai Zane na hawa na biyu, ɗakin da tagarsa ke kallon tankin ruwa, yana sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da dubban mabiyansa na intanet waɗanda bai taɓa haɗa ido da ko ɗayansu ba, rasuwar amininsa kuma rufin asirinsa, Allon Zane na lantarki, wanda 'yan gida suka fi sani da Tabulet, surukai kuma suke kira abin nan da yake ta dangwala.

Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a kan cinyar mai shi, bayan doguwar jinyar da kowa ya lura da ita ban da wanda ke riƙe da shi.

An haife shi a wata masana'anta mai nisa, ya iso gidan cikin farin kwali, da alƙalaminsa kwance a gefe. Mai Zane ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke shi, abin da matarsa ta ce ba ta ga ya yi ba ranar da aka miƙo masa ɗansu na fari. Tun daga wannan rana marigayin ya samu matashi nasa na kansa a kan gado, da riga mai laushi, da soket mafi kyau a falo, wanda kafin zuwansa firji ne ke amfani da shi.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da kyawawan halaye, amma babbansu shi ne yafiya. Idan Mai Zane ya ja layi ya karkace, abin da zai yi kawai shi ne ya taɓa gilashin da yatsu biyu, sai layin ya ɓace kamar ba a taɓa jansa ba. Ba tabo, ba gori, ba tuna baya. Mutum kan iya zana hanci da safe, ya janye shi kafin shayi ya huce, ya sake zanawa, ya sake janyewa, har rana ta faɗi allon yana nan fes, shi kuma ya tashi yana miƙa yana cewa yau an sha aiki. A duk zamansu marigayin bai taɓa tambayarsa yaushe zai gama wani abu ba. Mai Zane yana so a rubuta cewa ba kowa ke da wannan hali a gidan ba.

Ba mai surutu ba ne. Idan aka sa masa caja yakan ce “tirin”, sau ɗaya, cikin ladabi. Idan alƙalami na tafiya a kansa sai ka ji “ƙis, ƙis, ƙis”, kamar ɓera mai tarbiyya. Idan kuma wani baƙo a wata duniya ya danna wa zane alamar zuciya, yakan ce “ɗin”, kuma wannan ƙaramar kalma ta sha tayar da Mai Zane daga kan abinci, daga tsakiyar maganar matarsa, sau ɗaya ma daga gaban likitan yara.

A fagen aiki marigayin bai san gajiya ba. Duk lokacin da masu zane na intanet suka shelanta ƙalubale, wato wata guda ana ba da kalma kowace safiya kowa ya zana abin da ta kawo masa ya nuna wa jama'a kafin dare, shi da mai shi suna sahun gaba. A hannunsu aka samu dodo mai shan shayi da ɗan yatsa a ɗage, da buta mai fikafikai, da kyanwa cikin kayan 'yan sama-jannati tana kallon duniya da raini. Ba su taɓa fashin rana ba. Mai Zane yakan ce mutum shi ne cika alkawarinsa, kuma ya cika duk wanda ya ɗaukar wa mutanen da bai sani ba.

Amma babban aikin da aka damƙa wa marigayin, wanda ya tafi da shi a cikinsa, shi ne fuskar Baba.

Mahaifin Mai Zane ya rasu tun yana ɗan firamare. Hotonsa ɗaya ne tak ya rage a duniya, ɗan ƙarami na katin wurin aiki, wanda hatimi ya cinye masa rabin fuska, danshi ya cinye goshi. Inna, mahaifiyar Mai Zane, ta daɗe tana ɓoye da shi a ƙasan akwatinta. Makon da aka kawo marigayin gida, da ta ji irin kirarin da ɗanta ke yi masa, sai ta ciro hoton ta miƙa.

“Auta, tunda ka ce abin nan naka ba abin da ya gagare shi, fito min da babanku in gan shi gaba ɗaya. Na gaji da ganin rabi.”

Mai Zane ya ɗauki hoton katin da kyamarar allon, ya bayyana wa duk wanda ke falon cewa zamanin takarda ya wuce. Na takardar kuwa ya sa shi a tsakanin wasu tsofaffin mujallu, mujallun suka bi masu kwashe shara lokacin da aka yi wa gidan babbar shara. Ba a gaya wa Inna ba, don kada a tayar mata da hankali a kan abin da yake nan lafiya lau cikin amintaccen wuri.

Aikin ya ci shekaru, kuma ba za a ce ba a samu ci gaba ba. An gama kunnen dama, wanda duk wanda ya gani ya yaba. Idon hagu ne ya ƙi. Mai Zane zai zana shi, ya ja baya ya dube shi, ya ga bai kai darajar uba ba, ya sa yatsu biyu. Marigayin, cikin biyayyarsa, bai taɓa cewa wannan ya yi haka ba. Sai kuma sabon ƙalubale ya shigo, a ce wa Baba ya ɗan jira, shi da ba inda za shi.

Idon Inna ne ke da inda za shi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ya rufe tuni. Na hagu ya yi ta tsukewa, har ta ce yanzu duniya ta koma mata kamar leƙe ta hudar makulli. Duk zuwanta takan tambaya, ba tare da ta ɗaga murya ba, ko babansu ya kusa fitowa. Mai Zane yakan amsa cewa saura ƙiris, kuma har ga zuciyarsa gaskiya yake faɗa, domin ido ɗaya ai ƙiris ne.

A cikin wannan lokaci ne ciwon ajali ya kama marigayin. Ya fara da zazzaɓi: jikinsa ya riƙa zafi har yana ƙona cinya. Sannan cikinsa ya kumbura, bayansa ya ɗaga, rigarsa ta daina rufuwa. Ya kuma shiga yin wasiyya, kowace safiya yana rubuta a fuskarsa cewa cikinsa ya cika, a kwashe abin da ke da muhimmanci a ajiye wani wuri. Mai Zane yakan share saƙon da babban yatsa, cikin tausayi, yadda ake hana majiyyaci maganar mutuwa.

Matarsa, wadda ke aiki a kantin magani kuma ta san kamannin abin da ya kusa tafiya, ta yi magana wata rana tana ɗaure takalmi.

“Malam, turo min hoton Baba a wayata, da na asalin da wanda kake yi. Abin nan naka ciki gare shi.”

“Ba a fitar da aikin da bai nuna ba.”

“Kyanwar nan mai hular ƙarfe ita ta nuna, ke nan.”

“Wannan daban. Mutane na jira.”

“Haka ne,” in ji ta. “Inna ai ba mutane ba ce.”

Ranar Talata matar ta raka Inna asibitin ido, suka biyo ta gidan. Inna ta zauna a kujerar da ke kusa da taga, ta ce likita ya ce ta kalli abin da take son kalla yanzu. Ta ce a kawo mata babansu yadda yake, ko da rabi ne, ta saba. Mai Zane ya buɗe aikin a kan cinyarsa. Fuskar tana nan, kusan cikakkiya, da idon hagun da ya zana watannin baya ya manta bai goge ba. Zai miƙa ke nan, sai ya ga kamar idon ya ɗan yi sama. Ya ce Inna ta ba shi minti ɗaya. Ya sa yatsu biyu.

Idon ya ɓace. Allon ya yi baƙi. Umarni na ƙarshe da marigayin ya bi a duniya shi ne ya cire wa Baba ido, kuma ya bi shi ba gardama, kamar kullum.

An garzaya da shi wurin mai gyara a ƙasan gada, wanda ya buɗe shi, ya sunsuna, ya rufe, ya ce a yi haƙuri, da shi da abin da ke cikinsa duka. Da Mai Zane ya dawo da gawar a ƙarƙashin hammata, Inna tana nan inda ya bar ta. Ita ce ta fara yi masa gaisuwa.

“Ashe an yi rashi, Auta.”

“An yi, Inna.”

“Babanku yana ciki?”

“Yana ciki.”

“To, kawo min ɗan ƙaramin nan nawa. Ya ishe ni.”

Mai Zane ya gyara riƙon gawar a hammatarsa. Firji ya yi ta gurnani a soket ɗinsa na aro. Inna ta juya kanta daga inda take jin numfashin ɗanta zuwa inda take jin na surukarta, ta gane.

“Mutuwarsa ta farko ta fi sauƙi,” ta ce. “Aƙalla na ga fuskarsa kafin a rufe.”

Matarsa ta shiga ɗakin yara ta fito da fensir da farar takarda, ta ajiye masa a kan teburin falo ba tare da ta dube shi ba. Inna ta ce ba komai, za ta faɗa ya zana. Goshin babansu faɗi gare shi. Yana da tabo a girar hagu, inda ƙofar mota ta buge shi. Idan zai yi dariya gefe ɗaya na bakinsa ke fara tafiya, ɗayan ya biyo daga baya kamar an tilasta shi.

Mai Zane ya kama fensirin yadda ake kama kayan wani. Ya ja layin haɓa, layin ya zarce. Ya taɓa takardar da yatsu biyu. Layin yana nan. Ya sake taɓawa, da ɗan ƙarfi. Ya sake.

“Wa ke ƙwanƙwasa ƙofa?” in ji Inna.

“Ba kowa, Inna,” matar ta ce. “Malam ne ke roƙon takarda gafara.”

Aikin da ya gagari shekaru ya ƙare kafin a sauke tukunyar rana, domin takarda ba ta ba shi hanyar komawa ba. Abin da ya fito yana da ido biyu, wannan kam an samu. Ban da haka ya yi kama da wani mutum da aka taɓa gani a tashar mota yana neman canji. Mai Zane ya miƙa da hannu biyu.

Inna ta karɓa, ta juya wajen taga don ta samu haske, takardar ta juya tare da ita. Ta kawo ta dab da hancinta, ta ɗan karkatar da kai, ta daɗe tana kallon farin bayanta inda ba ko ɗigo. Ta shafa shi da tafin hannu, a hankali, daga sama zuwa ƙasa.

“Shi ne,” ta ce. “Har da tabon.”

Matarsa ta koma wajen tukunya. Mai Zane ya ce ya gode, ai aikin ne ke son haƙuri. Yana so a sani cewa a duk rayuwarsa ta zane ba a taɓa yi masa yabon da ya kai wannan ba, kuma ya karɓe shi a madadin marigayin.

Marigayin ya bar alƙalami ɗaya, wanda yanzu ba ya rubutu a kan komai, da caja mai naɗe da salatif a wuya, da riga wadda ta buɗe ba za ta yi wa wani ba. Ya bar mabiya masu yawa, waɗanda tun jiya suke tambaya ina zanen yau, kalmar yau kuwa ita ce “gado”. Ya bar mace ɗaya da aka ji tana mayar da firji soket ɗinsa na asali kafin gawar ta huce. Ya bar Mai Zane, da yatsu biyu da aka gani da safiyar nan suna taɓa teburin cin abinci bayan wata magana da ya gaya wa matarsa. Maganar ba ta goge ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a aljihun tebur na ƙasa, inda tsofaffin wayoyin gidan suka riga shi kwanciya. Ba a buƙatar masu ɗauka, bai da nauyi, duk da mutum biyu za a rufe. Mai Zane zai karɓi gaisuwa a shafinsa, a ƙarƙashin hoton gawar, wanda ya ɗauka da haske mai kyau. Masu tambayar magaji su kwantar da hankalinsu, an riga an ga wani a shago, ya fi marigayin faɗi, kuma an ce ya fi shi yafiya.

Zaman makoki na biyu yana ɗakin Inna, ba shi da ranar tashi. Masu zuwa za su tarar da farar takarda a bango, saitin gadonta, ita ta kafa ta da hannunta. Iyalai suna roƙon kowa ya tsaya a gabanta gwargwadon ladabi, ya ce lallai ga kama. Kada wanda ya juya ta.