Agwagwar Bakin Ƙofa

Ranar Talata, tara ga watan Mayu, na fara ganin tsohon. Ni ne akawun sashen yaɗa labarai. Teburina yana fuskantar na mai zanenmu, yarinya mai ƙwazo, wadda ta zana sabuwar mikiyar da za a kafa a ƙofar ma'aikata. Mikiya ce a tambarin jiharmu, haka take a kan kowace takarda. Amma tsuntsun simintin da ke kan ginshiƙin ƙofa tun kafin a ɗauke ni aiki, kowa Agwagwa yake ce masa: ga tumbi, ga gajerun ƙafafu. Ko direban haya ka ce wa ya kai ka ma'aikata, sai ya ce, "Agwagwa?" A ranar aka sa leburori su sauke ta. Duk mun sha yi mata dariya, amma mai zane ta fi kowa iya kwaikwayon tsayuwarta.

Tsohon ya shigo yana dogara sanda, muka gaisa.

"Lafiya lau, Malam Akawu. Ina matar tawa? Au, ga ta can ta ɓuya bayan kwamfuta."

Ashe mai zanenmu jikarsa ce. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ango, wa ya ba ka izinin biyo ni ofis?"

"Tabaraunki kika bari a gida. Na ce bari in kawo, kar ki zana wa gwamnati jemage."

"Kai da ko da tabarau huɗu ba ka bambanta ni da ƙofar ɗaki!"

"Ina bambantawa mana. Ƙofa in an rufe ta tana yin shiru."

Muna cikin dariya masinja ya leƙo. "Ku zo ku gani, Agwagwa ta ƙi sauka! Wallahi wanda ya gina abin nan bai taɓa ɗaga kai ya kalli sama ba."

Tsohon ya juya wajen taga. Mai zane ta sunkuyar da kai.

"Amarya, ba ki gaya musu ba?"

"In gaya musu me? Cewa na auri mai haƙori uku?"

"Huɗu ne. Kun ji irin sharrin nata." Ya yi 'yar gajeriyar dariya, sannan ya dube ni. "Malam Akawu, ka taɓa ganin mikiya kusa da kusa?"

Na ce ban taɓa ba.

"Shi ma maginin bai taɓa ba. Hoton hatimi aka ba shi, bai fi farce girma ba. Ya san siminti ba ya tsayuwa a kan siririyar ƙafa, sai ya ƙara mata kauri. Ya ji tsoron fukafukai su karye, sai ya naɗe su. Da ƙafa ta yi kauri, dole ciki ya biyo baya. Baki kuwa, agwagwar matarsa ya ɗaure a tsakar gida yana kallo."

"Ka san shi ke nan, Baba?"

"Na san shi. Tun ranar da ya ji sunan da aka sa mata ya daina bin titin nan. Ta bayan kasuwa yake zagayawa."

Masinja, wanda bai fahimci komai ba, ya ce leburori sun tafi ɗauko guduma. Tsohon ya gyara riƙon sandarsa.

"Su fasa. Na bar ki lafiya, amarya. Ba sai kin raka ni ba, kar a gane mijinki ne."

Har ya kai bakin ƙofa, sai mai zane ta miƙe.

"Tsaya, Ango." Ta dubi masinja. "Je ka ce kar su fasa. Kakana ne ya gina ta. Kullum ina kwaikwayonta a ɗakin nan, ban taɓa faɗa muku ba."

Masinja ya fita da sauri ba tare da ya kalli kowa ba. Ni kuma na shiga gyara takardun da tun safe a gyare suke.

Tsohon ya ce, "Kwaikwayonta? Yi in gani."

"Haba, Kaka."

"Yau kuma Kaka na zama? Yi in gani, na ce."

Ta turo ciki, ta manne hannuwa a jiki, ta ware ƙafafu, ga hawaye a idonta. Ya kewaye ta yana dubawa kamar mai duba gini.

"Ba ki iya ba. Tumbin bai isa ba. Wannan ai tsinke ne, iska ɗaya ta kwashe ki."

Dariya ta ƙwace mata. "Na yarda, ka ci. Zan roƙar maka agwagwarka, ka daina cewa ban taɓa ba ka komai ba."

Shugaban sashe ya amince. Ranar Alhamis aka kafa mikiya. Agwagwa kuma aka kai ta gidan tsohon a bayan mota, ta ƙi shiga ƙofa, aka ajiye ta a waje gefen dakali. Yanzu in ka ce wa direba Agwagwa, sai ya tambaya, "Ta ofis ko ta gidan tsoho?" Shi kuwa tsohon ya daina zagayawa ta bayan kasuwa.