Waken Tarawele da Sabon Idon Zumana

"…da mutanen gida? Da jikoki? Da ƙafar nan taka mai yawan ƙorafi?"

"Duk lafiya lau. Ke fa, ya cikin naki? Tun daga bakin titi nake jin yana amsa gaisuwar mutane."

"La ila! Jama'a ku zo ku ji, Jara ne yau zai yi wa wani gorin wake!"

Zumana Jara ke nan, tsaye a ƙofar shagon Tenen Tarawele da ke cikin kasuwar Dabanani a Bamako, hannu ɗaya riƙe da jakar fata da ta ga jiya ta ga yau, ɗayan da ƙullin baƙar leda. Shekara arba'in da biyu yana ɗaukar hoto a ɗan shagonsa na Nyarela. Duk wanda ya ce a unguwar ya girma amma bai taɓa tsayawa gaban labulen Zumana ba, to a bincike shi. Ita kuwa Tenen kyamarori take sayarwa, sababbi da na hannu. Tsakanin zuriyar Jara da ta Tarawele kuma ai sai wasa, kowa na kiran ɗaya bawansa, yana yi masa gorin cin wake. Ko a gidan makoki suka haɗu sai ɗaya ya tambayi ɗaya inda ya kai waken sadaka.

Amma yau dariyar tsohon ba ta wuce leɓe ba. Lahadi mai zuwa ne bikin jikarsa Sitan, kuma shekaranjiya ya tsinci magana a bakin maƙwabta, wai ɗansa Dirisa ya ɗauko wani mai hoto daga ƙetaren kogi. Ba wanda ya gaya masa a gida. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kwana biyu yana juya shi, har ya ɗora laifin a kan fim. Fim ɗin da ake samu yanzu duk ya tsufa a kanti, shi ya sa hotunansa suke fitowa wani iri. To, zai rabu da fim ya ga ƙarshen magana.

"Zauna, tsohon bawana," in ji Tenen, "kafin ƙafar ta kai ka ƙasa a ce ni na ture ka."

"Bawan wa? Ke da na ɗauki hotonki kina wata bakwai, tumɓur a kan tabarma, kina tsotsar babban yatsan ƙafa? Fim ɗin yana nan a akwati. Ki ƙara magana in wanke shi ƙato, in manna a ƙofar kasuwa."

"Manna mana! Tun a lokacin na fi duk matan Jara kyau."

Ya dire ledar a kan tebur. "Ga tsarabarki. Ja ne, manya, irin wanda kakanki ya ba da doki ya karɓa."

"Kwashe abincin gidanku daga kan teburina!" Ta ture ledar gefe da gindin biro, don Tarawele ba ta taɓa waken Jara da hannu a gaban mutane, ta taɓa kuwa ta amsa laifi ke nan. "Me ya fito da kai? Ko ka ɓata ne a kira 'ya'yanka?"

Zumana ya buɗe jaka, ya warware wani tsohon ɗankwali, ya fito da kyamararsa. Baƙin fentin duk ya goge a inda yatsu ke kamawa. Ya murɗe gilashin ya cire a hankali.

"Jiki kawai nake so. Sabon jiki, marar fim. Gilashina zan ɗaura masa. Wannan gilashin ya san Bamako tun gada ɗaya ce a kan kogi."

"Shi ma ya isa ritaya ke nan, kamar mai shi."

"Ke dai kawo."

Ta ɗauko wata 'yar ƙarama, ta sa mata zoben da ke haɗa tsohon gilashi da sabon jiki, ta miƙa masa. "Ga marar nauyi, daidai ƙashin tsoho."

"Tsaya can." Ya ja da baya yana ƙirga taku, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya kafa ido. Sai ya sauke kyamarar ya dube ta, ya sake ɗagawa. "Ina ƙafafunki?"

"Suna nan inda Allah ya ajiye su."

"Ba su cikin hoton! Taku huɗu nake yi tun kafin a haife ki, mutum ya shigo tun daga ɗaurin kai har takalmi. Wannan a gwiwa ta datse ki."

"Ƙaramin ciki gare ta. Tsakiyar abin da gilashi ya gani kawai take ɗauka. Ƙara ja baya."

"In ja ina? Shagona taku huɗu ne, na biyar bango. Kuma wace mace ce za ta sayi takalmin salla, ta kwana da lalle, sannan ta karɓi hoton da ba ƙafa? Wannan kyamara marowaciya ce. Tarawele ne ya ƙera ta."

"To ga ta gidanku." Ta sauko da wata babba daga sama. "Cikin wannan daidai yake da faɗin fim ɗinka, ba ta rage komai. Duk abin da aka ajiye mata sai ta lashe, kamar Jara a gidan suna."

Ya leƙa, ya ga ɗaurin kai, ya ga takalmi, fuskarsa ta washe. Ya shiga murza zoben da ke daidaita gilashin don hoto ya fito tar, gaba, baya, gaba kaɗan.

"Danna mana! Ba fim ba ne, dubu take ɗauka."

"Ni ba na harbin iska."

Ya danna sau ɗaya. Tenen ta zare katin ta sa a kwamfutar da ke kan tebur, hoton ya cika allo. Butar alwala da ke kan kanta a bayanta ta fito tar, har zanen jikinta. Ita kuwa fuskarta dishi-dishi, kamar an hango ta ta cikin tururin tukunya.

"Kai, madalla! Buta ta fito amarya."

"Fuskar Tarawele ai haka take. Kyamara ba ta ƙarya."

"Sake."

Ya sake. Wannan karon fanka ce ta yi kyau.

"Zoben nan naki karkatacce ne," in ji shi, amma muryar ta rage ƙarfi.

Tenen ta karɓi kyamarar, da gilashin nasa da zoben nata, ta murza sau ɗaya, ta ɗauke shi. Ga Zumana nan a allo, kowace furfura ta gemunsa a tsaye ita kaɗai. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Jara," in ji ta, "ka makance."

Duk Nyarela an san wannan magana. Matarsa ta sani, Dirisa ya sani, masu karɓar hoto su ce madalla su fita, ba su ƙara dawowa. Amma wa zai dubi tsabar idon dattijo kamar Zumana ya faɗa masa? Sai Tarawele. Ita ce bakin da ba a yi wa fushi, kuma don irin wannan rana aka bar mata bakin.

"Ba fim ba ne, Baba Zumana," ta ƙara, a hankali yanzu. "Idonka ne."

Ya nemi kujera ya zauna. Ya cire gilashin daga kyamarar, ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya nuna mata wata 'yar tsaga a jikin zoben.

"Kin ga wannan? Da magagari na yi ta, bara waccan. Na kafa ƙusa a ƙasan shago, inda mutum zai tsaya. In ya taka ƙusa, yatsana ya sami tsaga, hoto ya fito. In ya ɗan gusa, shi ke nan." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Amma biki ba ƙusa. Amarya ba ta tsayawa wuri ɗaya."

"Shi ya sa Dirisa…"

"Na sani. Ban ga laifinsa ba. Sai dai yarinyar nan tun tana tatata take ce mini, ‘Mijina, kai za ka ɗauki hoton aurena, don ka ga wanda ya ƙwace maka mata.’ Ni na ɗauki na sunanta. Ni na ɗauki na ranar da ta fara makaranta, tana kuka da majina. Yanzu in zauna a kujera da babbar riga, wani yana ce mini, ‘Baba, dubo nan’?"

Tenen ta juya masa baya, ta daɗe tana neman abin da ke gabanta. Da ta juyo, wani sabon gilashi ne a hannunta.

"Share hawayen, kada a ce na doki bawana. Ga wannan. Da kansa yake nemo idon mutum ya kama. Ko amarya rawa take, yana bin ta. Kai dai ka nuna masa wajen."

"To ni me ya rage mini? Danna maɓalli? Ai ko biri ya iya. Ko Tarawele ma ta iya."

"To gwada, mu ga ko Jara ya kai biri."

Ta ɗaura gilashin ta sa masa a hannu, ta koma ta ƙame a gaban kanta. Zumana ya ɗaga kyamarar, ya sauke, ya yi tsaki.

"Ba nan ba. Kashe fitilar nan, ta mai da ke kamar wadda ta tashi daga jinya. Zo bakin ƙofa. A'a, ba cikin rana ba, inda inuwa ta fara. Ba ni kafaɗa. Ɗaurin nan ya danne miki goshi, tura shi baya."

"Hoto za ka ɗauka ko aure za ka kai ni?"

"Wa zai karɓa? Fito da hannun nan da kike ɓoyewa."

Gashin ido ya daina gani, amma bai daina ganin inda haske ya kwanta a kunci ba, da yadda kafaɗa ke faɗuwa in mutum ya manta ana kallonsa. Maƙwabtan shago suka fara taruwa a ƙofa. Shi kuwa ya tsaya, yatsa a kan maɓalli, yana jira.

"Na gaji fa, tsoho."

"Uwarki Nasun ta fi ki iya tsayuwa. Ita ma haka take ɓoye hannu a baya, wai shunin rini ya ɓata shi. Na ce, fito da shi, baiwar Allah, da shi kike ciyar da 'yan cin waken nan."

Tenen ta ɗaga haɓa za ta rama, dariya ta riga ta zuwa baki, wani abu kuma ya riga dariyar zuwa ido. Kyamarar ta yi ɗan ƙara, ta kama. Zumana ya danna sau ɗaya.

Da hoton ya hau allo, maƙwabtan suka matso suna leƙe. Shekara shida ke nan da rasuwar Nasun mai rini, amma ga ta nan sak a jikin 'yarta, a bakin ƙofa, da ɗaga haɓar nan tata, da hannu a ƙugu, tana shirin mayar wa wani Jara da magana. Tenen ta kai yatsa za ta taɓa allon, ta fasa.

"Ya fito?" in ji Zumana. Da gaske yake tambaya.

"Ya fito."

"Ba buta?"

"Ba buta." Ta goge ido da bakin mayafi, ta dawo da hoton da ta ɗauke shi ɗazu ta jera su. "Dubi nawa, kamar na wanda hukuma ke nema ruwa a jallo. Gilashin ya iya nemo ido, na yarda. Amma ba shi ya kashe fitila ba, ba shi ya san Inna ba."

Ta naɗe tsohon gilashin cikin ɗankwalinsa ta mayar masa a jaka. "Wannan na shago ne, shi da ƙusarsa, zoben yana nan haɗe. Sabon na biki ne. Da la'asar zan biyo gidan, in ce wa Dirisa Tarawele ta ce kakan amarya ne zai ɗauki amarya. In ga Jaran da zai musa mini."

"Shi na ƙetaren kogin fa?"

"Ya ɗauki masu cin shinkafa. Danginku ai sun ishe shi aiki."

Ita da kanta ta rataya masa kyamarar a wuya, ta gyara masa maɗaurin a kan babbar riga. Zumana ya miƙe, kuma ƙafar nan mai ƙorafi ba ta ce uffan ba.

"Saura ladan mai hoto," in ji shi.

"Faɗi."

Ya tura mata baƙar ledar da yatsa ɗaya, har gabanta.

Tenen ta dubi ledar, ta dubi mutanen da suka cika ƙofa suna jira, ta dubi allon. Sai ta sa hannu biyu ta ɗauka, ta kwance, ta leƙa ciki.

"Ja ne kuwa, manya. Da mai da albasa zan dafa."

"Jama'a ku shaida!" Zumana ya ɗaga murya har layi na gaba. "Tarawele ta amsa!"

Kasuwa ta kwashe da dariya, ita ma tana yi, hawaye na bin kuncinta, wake a rungume a ƙirji. Tsohon bai ƙirga taku ba, bai nemi tsaga ba. Ya ɗaga kyamarar kawai ya danna.

"Wannan," in ji shi, "shi zan manna a ƙofar kasuwa."