Rasuwar Mai Nutso, Janaretan Malam Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Gwadabe mai ƙanƙara na bakin kasuwar Kiyawa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar janaretansa, Mai Nutso, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar azumi, bayan doguwar jinyar tari da baƙin hayaƙi.

Marigayin ɗan babban gida ne, in za a bi ta bakin dillalin da ya sayar da shi a Kano. Cewa ya yi daga cikin jirgin yaƙi mai nutso a teku aka ciro shi, bayan jirgin ya yi ritaya. Shi kuwa Malam Gwadabe ya taɓa jin ana hira cewa injin nukiliyar irin waɗannan jirage zai iya haska gari guda. Bai tsaya tambayar ko nukiliya tana shan man dizal ba. Ya sayar da gonar gado ya ɗauko shi, yana yi wa matarsa Madina alkawarin har Dutse sai an sha wutarsa. Kallon kitse ya yi wa rogo.

Marigayin bai haska Dutse ba, amma ya yi iya yinsa. Ya riƙe gidan kallo shekaru, da shari'a ta zo aka rufe, ya tuba ya koma daskarar da ƙanƙara. Gaisuwarsa kullum "tuf, tuf, girrr" ce. Ranar Talata "tuf" kaɗai ya ce.

Ya bar firiza biyu suna zubar da hawaye, da ƙwayayen lantarki marayu, da maigida wanda ba gona, ba sana'a, ba inda zai nufa. Abin ya dame shi ƙwarai.

Game da jana'iza, akwai matsala. Saboda tsoron ɓarayi, sai da aka girke marigayin sannan aka gina ɗaki a kansa, da 'yar ƙofar da mutum sai ya karkace yake shiga. Ashafa makanike, da ya duba gawar, ya ce ba ta fita sai an rushe bango. Bangon nan kuma shi yake riƙe da rufin ɗakin Madina. Don haka inda ya faɗi nan ne kabarinsa.

Malam Gwadabe yana zaman makoki a bakin wannan ƙofa. Masu ta'aziyya su zo kafin magariba. Wanda ya makara, ya taho da fitilarsa.