Rasuwar Na-Taga, Rediyon Gidan Goro

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Radiyya ta gidan kawunta Alhaji Salahu mai goro, a nan Zangon Lome, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar rediyonta, wanda aka fi sani da Na-Taga. Ya rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar azahar, a lungun bayan masallaci, a gaban jama'a, sakamakon dukan taɓarya a tsakiyar ka.

Saura ƙiris ta fasa rubuta wannan sanarwa. Yatsunta biyu na hannun dama suna cikin ɗori, da hagu take jan biro, shi ya sa layukan suke gangarawa kamar masu neman kwata. Karatunta kuma bai wuce aji uku ba. Ga shi duk Zango an san ta, ko sallama ta yi a ƙofar gida sai masu gida su ce iska ce ta taɓa labule. Amma akwai wata magana da ke yawo a kasuwa wadda ba gaskiya ba ce, kuma mamacin ba shi da sauran bakin da zai ƙaryata ta. Dole ta sa ta daure.

Marigayin baƙi ne, gajere, mai kunne ɗaya na ƙarfe wanda ya taɓa karyewa aka ɗaure shi da zaren ɗinki. Yayanta Faruk, mai canji a Kodjoviakopé da ke bakin iyaka, shi ya tsallako da shi daga ɓangaren Gana, ya ajiye mata a cinya ya ce, "Ga abokin hira, tunda kin ƙi mutane." Tun daga ranar mazauninsa bakin tagar ɗakin goro ne, wadda take kallon lungu, kuma daga nan ya samo suna. Abincinsa caji ne, sai wani ɗan kati kamar farcen jariri da ake zuba wa labarai.

Mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayarta me ya sa ba ta magana ba. Idan ba ta gane wata kalma ba, sai ta danna masa baya, ya maimaita sau nawa take so ba tare da tsaki ba. Bai taɓa yin gulmar kowa ba sai wadda aka zuba masa. Idan an kunna shi yakan ce "ƙut", ya yi shiru kamar malami mai gyaran murya, sannan ƙarar teku ta taso, shaaa, shaaa, kowa a gidan ya san an isa Tsibirin Kwakwa.

Wanda bai san Tsibirin Kwakwa ba, to labari ne mai kashi-kashi wanda marigayin ya haddace kaf. Wani ɗan tsibiri ne mai farin yashi da kwale-kwale da otel guda, kowa ya san kowa, amma wata ba ya ƙarewa ba a tsinci gawa ba. Wani an shaƙe shi da igiyar taru. Wata an zuba mata guba a ruwan kwakwa ranar bikin ƙanwarta. Wani attajiri kuwa a firjin kifi aka same shi, ya sandare da hularsa a ka. Mai gano masu laifin wata tsohuwa ce mai suyar kifi, Gwaggo Talatu, wadda ba ta da bindiga ba ta da sanda. Gaisuwar mutuwa kawai take zuwa, ta sha shayi, ta yaba labulen gida, ta dawo ta ba kyanwarta kan kifi, kafin magariba ta san wanda ya yi.

A gaban marigayin matan gidan suke zama tsintar goro, ana fitar da mai sankara, ana yayyafa ruwa, ana jera ganyen fita a cikin huhu. Inna Kulsum, matar Alhaji, ba ta taɓa zargin kowa ba sai matar mamaci. "Ita ce, wallahi! Ku dubi kukanta, babu hawaye ko ɗigo." Idan aka ce mata, "Inna, ai rediyo ne," sai ta ce, "Ku ne ba ku gani." Alhaji Salahu kuwa daga zaure yake jefo tasa: "Wannan tsibiri naku, wai wa ya rage a cikinsa?" Amma da an rage murya sai a ji shi yana tari har sai an mayar.

Rashin lafiyarsa ta fara ne a daminar bara, lokacin da ya zame ya faɗa bahon wankin goro. An tsamo shi, an binne shi cikin garin rogo ya kwana, ya farfaɗo. Sai dai tun daga nan abin murɗa muryarsa ya kwance. Yakan yi raɗa har sai an kanga kunne, can kuma ba zato ya kwarara tsawa da za ta tashi kaji daga kan ƙwai. Mai gyara ya duba shi ya ce ciwon ya shige ciki, a lallaɓa shi haka. An yi ta lallaɓawa.

Ranar da abin zai faru, matan gidan duk sun tafi suna a unguwar Avédji. Radiyya ta zauna gida, don taro ba wurinta ba ne. Alhaji yana shagonsa a kasuwar Adawlato, sai ya aiko sabon ɗan dakonsa ya ɗauko huhu ɗaya. Sunansa Nata'ala, magidanci ne, ya baro mata da 'ya'ya a arewacin ƙasar, bai yi mako a Lome ba, kuma babu wanda ya san fuskarsa a lungun. Ya yi sallama, ta nuna masa huhun da yatsa daga bayan labule, ya ce, "Na gode, ƙanwata," ya ɗora a ka. A lokacin marigayin yana bakin taga yana raɗa kashin da ɓarawo ya shiga ɗakin mai otel. Nata'ala yana sa ƙafa a zaure ciwon ya motsa, muryar mace ta tsage lungun:

"Wayyo Allah! Ɓarawo! Jama'a ku kawo ɗauki, zai yanka ni!"

Duk wanda ya tashi a Zango ya san doka biyu. Idan aka yi ihun ɓarawo, ɗan unguwa ba ya tambaya, abin da ke hannunsa yake fitowa da shi. Baƙo kuma tsayawa yake cak inda yake, hannu a sarari, har a gama. Nata'ala ta farkon kawai ya sani. Ya ɗauka wata baiwar Allah ake yankawa a waje, sai ya kwasa da gudu zai kai mata ɗauki, huhun goro a kansa. Abin da lungu ya gani shi ne baƙuwar fuska ta fito a guje daga gidan da aka yi ihu, ɗauke da kayan Alhaji.

Bai yi nisa ba aka sa masa ƙafa. Ya kife, huhun ya fashe, goro fari da ja ya watse a ƙasa. Tela ya fito da dutsen guga. Naziru mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya cire hular kwanonsa yana maka masa a haƙarƙari. Yara suna jifa, maza suna tattaka, mata daga bakin titi suna "Fiafi! Fiafi!", wato ɓarawo da yaren Mina. Wani ya kama ƙeyarsa ya buga fuskarsa da bakin kwata, haƙora suka zubo cikin goro, ba ka bambance jan goro da jini. Yana cewa, "Ni ma shi nake bi! Wallahi shi nake bi!" Aka ce, "Ji ɗan banza, har da raina mana hankali." Can aka mirgino tsohuwar taya daga wurin mai faci, aka zura masa a wuya. Wani ya ɗauko kwalbar fetur daga teburin bakin hanya ya tuttula masa. Aka fara tambayar wa ke da ashana.

Radiyya tana wurin. Ta ce, "Ɗan dakon Kawu ne." Ta sake faɗa. Ita kanta ba ta ji muryarta ba. Ta ja rigar wani, gwiwar hannunsa ta dawo ta fasa mata leɓe, bai ma juyo ba. Sai ta koma gida da gudu, ta sure marigayin daga taga, ta danna masa baya. Ta kutsa ta ƙarƙashin hammatar mutane, mayafinta ya tsaya a hannun wani, ta durƙusa cikin fetur, ta ɗaga shi da hannu biyu a saman kan Nata'ala. Mai ciwon nan da ya saba raɗa a lokacin da aka fi bukatarsa, ranar bai yi raɗa ba. Ya buɗe maƙogwaro gaba ɗaya:

"Wayyo Allah! Ɓarawo! Jama'a ku kawo ɗauki..."

Muryar nan ce, kalma da kalma, daga cikin ɗan baƙin akwati. Hannaye suka tsaya a sama. Sai dai Tanti Afi mai sakwara ta iso a makare, ba ta ji komai ba, kuma taɓaryarta ta riga ta tashi. Duk wanda ya taɓa kirɓa sakwara ya san taɓarya ba ta komawa daga rabin hanya. Ta sauka daidai inda kan Nata'ala yake, ta tarar da marigayin. Ya tsage gida biyu, batirinsa ya yi tsalle ya faɗa kwata, 'yan hanjinsa ja da kore suka zazzago, yatsun Radiyya suka ce ƙas. Maganarsa ta ƙarshe a duniya ita ce "zai yan", bai ƙarasa ba.

Mai ashana ya mayar da ita aljihu. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna ya bar tukunya a kan wuta ko mai ciniki a shago. Tanti Afi kaɗai ta tsaya. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta yage bakin zaninta tana ɗaure masa kai tana kuka da yarensu, har Liman ya zo suka zare tayar tare.

Nata'ala yana raye. Yana kwance a ɗakin bayan zauren Alhaji, da karyayyen haƙarƙari da ido ɗaya a rufe, koko kawai yake iya sha. Amma a Adawlato labarin da ya isa shi ne an kama ɓarawon goro a Zango, wata yarinya ta ji tausayinsa ta roƙa aka sake shi. Har wasu masu shago sun ce ko ya warke ba mai ba shi dako. Wannan ita ce maganar da ba gaskiya ba. Babu ɓarawo a gidan Alhaji Salahu ranar Asabar. Mutum ɗaya ne a duk lungun ya ji mace tana ihu ya ruga don ya cece ta, kuma shi aka sa wa taya.

Marigayin ya bar caja ɗaya, mai lafiya, wadda har yanzu take rataye a bango ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar katinsa, wanda aka tsinto a cikin goro bai ko ƙwarzane ba. Ya bar Inna Kulsum da zargin da ba ta da inda za ta kai shi, da Alhaji mai tari a zaure ba mai amsa masa.

Game da jana'iza, an tambayi Liman, ya ce ba a yi wa roba da waya salla, amma babu laifi a tona masa rami. Za a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar a gindin tagarsa. Zaman makoki kuwa ba a wurin Radiyya za a yi ba. A ɗakin da Nata'ala yake kwance za a karɓi gaisuwa, a gabansa. Ana gayyatar kowa, musamman waɗanda suka halarci rasuwar da dutsen guga da hular kwano da taya da kwalba. Ba a bukatar kowa ya zo da komai sai bakinsa. Abin da mutum ya faɗa a ɗakin, ya je ya maimaita shi a Adawlato da irin muryar da ya yi ihun fiafi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wankan gawa da suturta ta an riga an yi. Washegarin rasuwar da safe Radiyya ta fita lungu, ta tsince gutsattsarinsa da hannun hagu, ta ɗauraye su daga fetur, ta naɗe su a ganyen fita kamar goro mai daraja. Ta kai ɗakin Nata'ala, ta yi sallama, ta ajiye ƙunshin kusa da tabarmarsa. Ya buɗe idon da ya rage ya dube ta, ya motsa kumburarren bakinsa da ƙyar.

"Ƙanwata, matar nan fa? Ya yanka ta?"

Ashe babu wanda ya tuna ya gaya masa. Radiyya ta dubi ƙofa, ta dubi ƙunshin. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta ce, "Bai yanka ta ba, Baba. Amma sai na faro maka daga farko." Ta gyara murya, ta fara daga ƙarar teku.