Yadda Ake Riƙon Albasar Madam Vero Har Ta Dawo Daga Kirsimeti

'Yar'uwa, matso kusa. Idan maƙwabciyarki za ta tafi garinsu hutun Kirsimeti, kuma kin ga alamar za ta bar miki ajiyar albasar fure, to kin zo wurin gwana. Ni Zinariya, Maman Sumaiya ta nan Kankia, na riƙe irin wannan amana mako bakwai cur a tsakiyar sanyi, na kuma fito da mutuncina, ko dai abin da ya saura daga cikinsa. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ki tabbaci ɗari bisa ɗari fure zai fito. Wane irin fure ne, wannan sai mun je can.

Mataki na ɗaya: Karɓi amana da fuskar masana

Maƙwabciyar taki, mu ce sunanta Madam Vero, ma'aikaciyar gwamnati 'yar Kudu da kuka shekara shida kuna musayar kwanon abinci, za ta yi sallama rungume da wata tukunya. A cikin tukunyar wani dunƙulallen abu ya leƙo kai daga ƙasa. Za ki so ki rantse albasa ce, irin manyan nan da ake jerawa a saman kwando. Kar ki rantse. Sunanta amarilis, kuma ba a cin ta. Wanda ya ci, cikinsa zai ba shi labari.

Za ta ce, "Maman Sumaiya, a bayan ɗakin mamana na tono wannan, shekarar da ta rasu. Sau ɗaya take fure a shekara, bana kuma lokacin zai zo ba na nan. Don Allah ki riƙe mini, in dawo in tarar da furen."

Nan gabanki zai faɗi, don kin san ko zogale aka dasa a gidanki sai ya yi sallama da duniya. Kar ki nuna. Gyara ɗaurin ɗankwali ki ce, "Haba Madam, mu da muka tashi cikin noma? Je ki kawai, Allah ya kiyaye hanya."

Mataki na biyu: Kar ki rufe mata kai

Kashi ɗaya cikin uku na albasar dole ya zauna a waje yana shan iska. Haka take so. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayin ƙara mata ƙasa, ki zauna a kansa. Maigida, wanda ɗan manomin albasa ne daga Mawashi, zai wuce ya tsaya ya ce, "Wannan shuka ai tsirara aka bar ta." Ki ce masa haka 'yan boko ke yi. Binciken da na gudanar ya nuna babu gardamar da wannan amsa ba ta kashewa a gidan aure.

Ki leƙa gindin tukunyar ki tabbatar akwai huda. In babu, ki huda.

Mataki na uku: Ruwa kaɗan, tausayi kaɗan

Nan na fara zamewa, don haka ki buɗe kunne. Na ga baƙuwa ce, marainiya kuma, sai na shiga karrama ta. Duk alwala sai na tsiyaya mata ragowar buta. Sau biyar a rana ke nan, ban da nafila. Kwana shida ƙasar ta fara warin kwata.

Ka'idar ita ce ki tura yatsa cikin ƙasar. In ta bushe, ki ba ta rabin kofi a gefe, ba a kanta ba. In da damshi, ki ajiye butar ki tafi harkarki ko da zuciyarki na cewa ƙishirwa take ji. Ba ta ji. Ruɓewa take shirin yi, kuma in ta ruɓe babu mai ba ki wata a Kankia ko Kusada.

Mataki na huɗu: Ba ta taga, ki riƙa juya ta

Kar ki bar ta a tsakar gida. Sanyin safe zai daƙile ta, akuya kuma ba ta san amana ba. Ki kai ta falo, bakin tagar da rana ke shigowa.

Wata safiya za ki ga ɗan koren tsinke ya ɓullo daga kanta. Ki yi guɗa, ya halatta. Daga ranar nan kara zai kama tashi kamar ana jan sa da igiya. Ni da tsinken tsintsiya nake auna shi, kullum sai na nemo wanda ya fi na jiya tsawo. Zai riƙa karkata wajen haske, don haka kowace safiya ki ɗan juya tukunyar, in ba haka ba ya sunkuya ya kife.

Yanzu ne lokacin cin moriyar wahalarki. Ki aika a kira matan layi. Ki tsaya gefen tukunyar, hannu ɗaya a ƙugu, ki riƙa cewa "amarilis" a hankali yadda kowa zai ji harafin ƙarshe. In an tambaye ki yaushe zai buɗe, ki dubi dunƙulen da ke kumbura a saman karan, ki lumshe ido ki ce, "Bai wuce kwana huɗu ba." Ba ki sani ba, amma su ma ba su sani ba. A makon nan har daga wata unguwa aka zo mini da tambayar barkonon da ya ƙi 'ya'ya, na kuma ba da fatawa.

Mataki na biyar: Kada ki bar surukinki shi kaɗai da ita

Wannan matakin da jan biro za ki rubuta shi.

Ranar kasuwa Baba, mahaifin maigida, zai biyo daga Mawashi ya huta. Shekara arba'in yana noman albasa a fadama, ba a taɓa kai masa ƙorafi ba. Za ki durƙusa ki gaishe shi, ki shimfiɗa masa darduma a falo, ki tafi dama fura. Kar ki tafi. In ya zama dole, ki tafi da tukunyar a ka.

Ni na tafi. Na dawo da kwanon fura na tarar da Baba zaune, fuskarsa fal annuri, karan nan mai tsawon kamu guda yana hannunsa. Ya karye shi tun daga ƙasa, ɗan kututture kawai ya bari.

Ya ce, "Ɗiyata, Allah ya so ku na zo yau. Wagga albasa ai ta kusa lalacewa. In albasa ta tada kara za ta yi hure, duk ƙarhinta can shika tahiya, gindin ya koma hanko. Mi mijin naki shika yi bai karye ta ba? Haka na koya mai?"

'Yar'uwa, duniya ta juya mini. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi ta birgima. Amma suruki ne, kuma taimako ya yi, irin wanda yake yi wa kowace albasa a gonarsa tun kafin a haife ni. Don haka ki yi yadda na yi. Ki ajiye furar a hankali, ki sunkuyar da kai ki ce, "An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Zai ce, "Ba komi. Bari in na koma in aiko maku da taki. Da ikon Allah sai ta yi girman kan jariri."

Mataki na shida: Gwada ɗinki

Ba zai yi ba, amma ki gwada don zuciyarki ta huta. Na ɗaure karan da zare. Na naɗe shi da salatif. Na kafa masa tsinken tsire a ciki. Kafin la'asar ya langaɓe, washegari ya yi baƙi.

Kada ki nemi tausayi wurin maigida. Nawa dariya ya yi har ya ƙware da shayi, yana cewa, "Baba ya yi miki aikin gwani kyauta kina kuka?"

Da yamma Madam Vero za ta bugo waya. "Maman Sumaiya, ya furenmu? Ya fito?"

Ki ce, "Ya fito, Madam. Ya fito gaba ɗaya." Ki lura, ba ki yi ƙarya ba.

Mataki na bakwai: Nufi shagon kayan ɗakin amare

A nan ake gane gwanaye. Ki sa mayafi ki shiga kasuwa, wurin masu sayar da labule da furen roba. Matsala ɗaya ce, ba ki taɓa ganin furen amarilis da idonki ba, don duk shekara a ɗakin Madam yake abinsa. Kin dai ji ta ce ja ne. To ki zaɓi wanda ya fi kowane ja, mai tsawon kara.

Ga inda za ki yi hamdala: karan amarilis rami ne a ciki, kamar an yi shi don wannan rana. Ki soka na robar cikin kututturen da Baba ya bari, ki jawo ganyayen da suka fara fitowa su rufe mahaɗar. Ki ja baya taku uku ki duba. Ki fesa masa turare kaɗan. Na tabbata in kika rufe ido ɗaya, kuma falon ba haske sosai, ke kanki sai kin yi shakka.

Mataki na takwas: Miƙa amana, ki daure

Madam Vero za ta dawo cikin watan Janairu da tsarabar garin rogo da manja. Ki kai mata tukunyar da kanki. Za ta daɗe tana kallon furen. Za ta kalle ki, ta sake kallon sa.

Sai ta ce, "Kai! Bana ta yi kyau."

Za ki ɗauka kin tsira. Yanzu aka fara. Kowace safiya sai ta kira ki. "Maman Sumaiya, zo ki gani, kwana biyar ko yaushi bai yi ba!" Za ta ba shi ruwa a gabanki. Za ta sunsuna shi ta ce ita ba ta taɓa sanin yana ƙamshin turaren Sallah ba. Za ta gaya wa matan layi hannunki akwai albarka. Rana ta tara za ta zo da takarda da biro ta ce ki faɗa mata sirrin, ta rubuta, ta aika wa 'yan'uwanta.

Ni a nan ƙarfina ya ƙare. Tuwo ya daina shiga. Manjan da ta kawo mini ko buɗe shi na kasa yi. Kunya ta ishe ni, kuma ba ta furen ba ce kawai. Matar nan abin mahaifiyarta ta ba ni, ni kuma na mayar mata da roba ina murmushi.

Mataki na tara: Faɗi gaskiya, tunda dabara ta ƙare

Ki shiga ɗakinta ki zauna a bakin kujera ki zazzage komai: butar alwala, Baba, salatif, shagon amare. Ki bar hawayen su zubo, ba kwalliya za ki je ba.

Madam Vero ta yi dariya har ta zame ƙasa tana dukan cinya. Da ta samu numfashi ta ce, "Maman Sumaiya, takardar shago ma tana manne a bayan ganyen robar! Tun daga bakin ƙofa na gani. Na ce bari in ga kwana nawa za ki iya."

Ta jawo tukunyar, ta zare furen robar, ta buɗa ganyayen da yatsa. Can gefen kututturen, wani ɗan koren kai ya leƙo. "Babbar albasa kara biyu take yi. Baba ɗaya ya samu. Wannan nan da mako uku zai buɗe."

Ina cikin hamdala sai idona ya kai kan kwalayen da ke jere a bango, an ɗaure su da igiya. Labulenta ma babu.

Ta ce, "An yi mini canjin wurin aiki, gida zan koma. Ranar Asabar motar kaya za ta zo. In na sa albasar nan a mota da wannan ɗanyen karan, ba za ta kai Zariya ba." Ta ɗora mini tukunyar a cinya. "Wadda ta shiga kasuwa neman furen roba don kar in ji ciwo, ba za ta bar ta ta mutu ba. Ki riƙe. Wannan karon ba ajiya ba ce."

Mataki na goma: Ki jira

Ruwa kaɗan, taga, juyi kowace safiya. Ranar kasuwa ki kulle ta a ɗaki ki sa makullin a lalita. Ba wani sirri bayan wannan.

Tawa ta buɗe wata Laraba da hantsi. Fure huɗu jajaye, kowane ya fi tafin hannuna, sun ba juna baya suna kallon kusurwa huɗu kamar lasifikar masallacin Juma'a. Wallahi na robar nan ko ɗan aikensa bai kai ba.

Sanarwa

Ni Zinariya ba ni da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin wannan shawara. In albasarki ta ruɓe, ke da butarki. In ta ƙi yin kara na biyu, kada a zo mini gida, ba na nan. Haka kuma ban ɗauki nauyin abin da zai same ki ranar da ta buɗe ba, lokacin da za ki sungumi tukunyar ki fita da gudu ba takalmi, kina ƙwala kiran "Madam! Madam, zo ki gani!", sai kin isa ƙofarta ki tarar da kwaɗo a rataye. Wannan babu matakinsa. Ni ma tsayawa na yi a wurin da fure a hannu, har maigida ya fito ya ce in shigo rana ta yi.